Yadda Za Ka Gyara Kwamfutar da Ba Ta Lalace Ba

Abu na farko da ake buƙata shi ne kwamfuta mai cikakkiyar lafiya, wadda gem ke gudu a kanta sumul, hoto ba ya sarƙewa, fanka na juyawa ba hayaniya. Idan taka dama tana ciwo, wannan darasi ba naka ba ne, domin kai kana da dalilin sabunta direban katin hotonka. Mu da marasa dalili muke magana. Sai kuma ɗan saƙon nan da ke leƙowa a kusurwar allo yana albishir cewa sabon direba ya fito, da zuciyar da ba ta iya ganin maɓalli ta wuce. In ka haɗa waɗannan, malam, kayan aiki sun cika.

Ga wanda ya shigo harkar jiya, direba ba wani abu ba ne illa tafinta. Gem na magana da yaren DirectX ko Vulkan, katin hoto kuwa ba ya jin kowane yare sai nasa, to direban ne ke zaune a tsakani yana juya magana. Nvidia da AMD da Intel kowa na aiko da sabon tafinta lokaci-lokaci, wani sa'in sau biyu a wata. Sabon yakan zo ya fi tsohon iya zancen gem ɗin da ya fito makon nan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wajen koyon sabon zance yakan manta wanda ya iya bara, kuma bara ɗin nan ne gem ɗin da kake bugawa kullum ya fito.

Zaɓen lokaci shi ne rabin aikin. Kada ka kuskura ka sabunta da safiyar Asabar lokacin da kake da sukuni, wannan aikin masu tsoro ne. Ka bari sai daren da abokai suka haɗu a intanet suna jiranka, saura minti goma a fara wasa, sannan ka ce musu, "Ku ɗan jira ni, yanzun nan zan shigo." Kuma ka tabbata direban a ranar ya fito. Kamfanonin nan suna da injiniyoyi da ɗakunan gwaji, gaskiya ne, amma ba su da kwamfuta irin taka, mai katin da ka sayo na hannu, da allo biyu da ba su san juna ba, da Windows ɗin da ta sha gyara. Dole wani ya gwada musu a kyauta, kuma ban ga dalilin da zai sa ka bar wa wani wannan lada ba.

Magabatanka a wannan hanya suna da yawa, kuma tarihi bai manta da su ba. A watan Maris na 2010 Nvidia ta fitar da direba mai lamba 196.75, wanda ya rikita sarrafa fankar wasu katuna, zafi ya yi ta hawa fanka na kallo. Kamfanin ya janye shi cikin 'yan kwanaki, amma kafin nan mutane sun riga sun fara kukan katinsu ya gasu. Don kada a ce ana son kai, a Nuwamban 2015 AMD ta kawo sabuwar manhajarta mai suna Crimson, ita ma ta bar fankar wasu katuna tana juyawa a hankali ana tsakiyar wasa, sai da aka biyo da gyaran gaggawa. Wanda ya fi ba ni dariya, ko da yake waɗanda abin ya shafa ba su yi dariya ba, shi ne na Oktoban 2023. AMD ta saka wata dabara mai suna Anti-Lag+ don rage jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto, ta buɗe ta ga masu buga Counter-Strike 2. Ashe dabarar tana kutsa hannu cikin fayilolin gem ɗin, na'urar kama 'yan maguɗi ta kamfanin Valve, mai gem ɗin, kuwa ba ta san wasa ba. Bayin Allah da ba su taɓa satar ko harsashi ɗaya ba suka wayi gari an kore su a matsayin macuta. Daga baya AMD ta janye direban, Valve ta ɗage korar, amma ka yi tunanin mutumin da ya kwana yana rantse wa abokansa cewa shi dai sabuntawa kawai ya yi.

Idan ka ce ai wannan tsohon labari ne, to a farkon 2025, da katunan RTX 50 suka shigo kasuwa, direbobin Nvidia masu lamba 572 sun yi ta jefa mutane cikin baƙin allo, har da masu tsofaffin katuna da ba ruwansu da sabon kaya. Abin ya kai ga masu gem ɗin inZOI da The First Berserker: Khazan suka shawarci masu RTX 40 su koma direba 566.36 na Disamban 2024. Wato mai gem da kansa yana roƙonka ka koma baya. Sai kuma 576.02 na watan Afrilun 2025, wanda idan kwamfuta ta yi barci ta farka, manhajojin auna zafi sai su maƙale a kan lamba ɗaya. Mai kallon allo yana ganin katinsa a sanyaye, yana gode wa Allah, katin kuwa shi ya san halin da yake ciki.

Duk waɗannan ba su isa su karya maka gwiwa ba, muddin ka kiyaye doka ɗaya: kada ka karanta takardar bayanin da ke zuwa da direba. A cikinta akwai sashen da kamfanin ke lissafa matsalolin da ya gyara, da wani sashen da yake lissafa waɗanda ya san suna nan bai gyara ba. Minti biyu ya isa ka duba ko sunan gem ɗinka na cikin na farko ko na biyu. In ka duba, kana iya gano cewa sabon direban bai ƙara komai ba sai tallafin gem uku da ba ka da su, ba ka kuma da kuɗin sayensu. Daga nan sha'awa ta tafi. Saboda haka ka danna "na yarda" ido rufe, kamar yadda kowa ke yi.

Yanzu sai saukewa. Direban Nvidia na zamanin nan ya haura megabait 600, na AMD ma ba ƙarami ba ne, don haka mai amfani da datar waya ya fara yi wa layinsa ta'aziyya. Ka fara saukewa lokacin da data ta kusa ƙarewa, don abin ya tsaya a kashi 94 ka sake daga farko. Idan ya sauka, ka duba unguwa: in an daɗe da kawo wuta, to lokacin ɗorawa ya yi, domin an kusa ɗaukewa. Ana tsakiyar ɗorawa allo zai yi baƙi ya dawo sau ɗaya ko biyu, wannan al'ada ce, tsohon direba ne ke sauka sabo na hawa. Gwanintar ita ce wuta ta tafi daidai tsakanin saukar da hawan. Idan ta dawo, Windows za ta tarbe ka da direbanta na ko-ta-kwana, Microsoft Basic Display Adapter, inda kowane gunki ya kumbura ya cika allo, kakarka ma za ta iya karantawa ba tabarau.

A ce komai ya tafi daidai. Ka buɗe gem, sai ka ga yana tsalle-tsalle, hoto na tsayawa yana tafiya. A nan ne ya kamata ka yanke hukunci nan take, ka shiga kowane zaure na WhatsApp ka sanar da cewa sabon direba ya kashe maka kati. Kada ka bari kowa ya gaya maka cewa abin da ke faruwa shi ne gem ɗin na sake harhaɗa shedoji, wato ƙananan umarnin da ke gaya wa kati yadda zai zana haske da inuwa da ruwa. Ana harhaɗa su ne daidai da katinka da direbanka a ajiye, da an canza direba ajiyar ta tashi aiki, sai an sake. Wasu gem ɗin suna yi a gabanka da sandar ci gaba, waɗanda suka sayi The Last of Us Part I na kwamfuta a Maris ɗin 2023 sun san daɗin wannan jira. Wasu kuwa suna yi ne kana cikin wasa, shi ya sa mintunan farko ke yin gargada sannan hanya ta miƙe. Mai haƙuri zai jira ya gani. Kai ba shi ba ne.

To, don adalci, ko da yake adalci na ɓata raha, sabon direba yakan zo da alheri na gaske. Masu katin Intel Arc su ne shaida. Lokacin da A750 da A770 suka fito a Oktoban 2022, tsofaffin gem masu amfani da DirectX 9 jan ƙafa suke yi a kansu. Kafin shekarar ta ƙare Intel ta fitar da direban da ta ce ya ɗaga gudun Counter-Strike: Global Offensive har ninki 1.8, kati ɗaya, ba a ƙara ko sisi ba. A Janairun 2024 AMD ta saka Fluid Motion Frames cikin direbanta, dabarar da ke ƙirƙiro hoto tsakanin hotuna biyu don motsi ya yi laushi. A farkon 2025 kuma masu tsofaffin katunan RTX sun sami sabon salon DLSS mai ƙara tsabtar hoto ta hanyar manhajar Nvidia. Akwai gem ɗin da ba zai ma buɗe ba sai ya ga direban da ya kai lambar da yake so. Akwai kuma toshe ƙofofin ɓarayin intanet, domin direba na zaune ne a can ƙuryar tsarin kwamfuta, inda ɓaraka ke da haɗari. Wanda ya sayi kati sabon fitowa, ko gem sabon fitowa, ko yake fama da wata cuta da takardar bayani ta ambata da suna, shi kam ya sabunta da hujja. Amma ka lura, duk waɗannan mutane ne masu dalili, kuma mun riga mun sallame su.

Kai ribarka ta wani fanni ce. Kafin sabuntawa kada ka auna hoto nawa katinka ke fitarwa a daƙiƙa, don kada lissafi ya shiga tsakaninka da farin ciki. Bayan sabuntawa ka zauna ka ƙura wa allo ido, ka gyaɗa kai, ka ce wa ƙaninka, "Ka ga yadda ciyawar nan ta ƙara kore?" Zai ce ya gani, domin yana son ka ba shi ya buga. In da ka auna, wataƙila daga 61 ka koma 62, wataƙila kuma ka sauka. A Disamban 2024 masu gwaji sun gano cewa sabuwar manhajar Nvidia App na cinye har kashi 15 cikin ɗari na gudun wasu gem, saboda wani sashen tace hoto da ke kunne ko ba ka amfani da shi. Kashe shi kawai ake yi abin ya dawo. Mutane da yawa sun yi makonni suna yaba sabon gudun da suka samu.

Idan abin ya ƙwaɓe da gaske, allo ya yi baƙi ya ƙi dawowa, akwai hanyoyin tsira, amma ka riƙe su a sirrance don kada martabarka ta zube. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare yana farfaɗo da direban hoto, za ka ji ɗan ƙara allo ya ƙifta. In bai yi ba, a cikin Device Manager akwai maɓallin Roll Back Driver da ke mayar da kai ga direban da ka baro, in dai Windows ba ta share shi ba. In shi ma ya ƙi, sai babban magani: manhajar DDU, wadda ake buɗewa a Safe Mode ta kankare duk wani burbushin direba, sannan a ɗora wanda aka amince da shi. Ka cire intanet kafin ka fara, domin Windows mai son taimako ce, tana ganin gurbi za ta cusa nata direban, masu katin AMD sun fi kowa sanin saƙon nan da ke cewa manhaja da direba ba su dace da juna ba. Masu wayo suna ajiye fayil ɗin tsohon direban da ya yi musu aiki a filasha. Kai da ka goge naka don samun wurin fim, sai ka sake sayen data.

Akwai darasi na musamman ga mai katin gwanjo. RX 580 ɗin da aka sayar maka da araha, mai yiwuwa ya yi shekaru yana haƙar kuɗin kirifto a wata ƙasa, an sauya masa BIOS don wannan aiki. Direban AMD na hukuma yakan duba sa-hannun BIOS, in bai gane shi ba ya juya baya, Windows ta rubuta maka Code 43. Akwai kuma katin da kwalinsa ke cewa GTX 1050 Ti alhali cikinsa tsohon GTS 450 ne aka canza wa suna. Irinsa yakan zo da faifan direba a kwali, mai kaya ya ja maka kunne kada ka yi amfani da wani. Ka sabunta shi, ɗan'uwa. Babu hanyar da ta fi wannan saurin sanin abin da ka saya.

Kuma duk abin da ya faru, laifin direba ne. Ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun bara ba ta da hannu. Man sanyaya da ya bushe a kan kati shekara biyar ba shi da hannu. Zafin watan Afrilu a ɗakin da ba taga, da ƙaramin akwatin wutar da ba ya iya ciyar da katin, duk 'yan kallo ne. In gem ya fita da kansa, ka sauke wani direban, ka ɗora, ka cire, ka koma na baya, har sai mai gyara ya buɗe akwatin ya hura iska, ƙura ta turnuƙe shagon, ya karɓi kuɗinsa.

Su kuwa masu GTX 1060 da 'yan uwansa na jerin 900 da 10, Nvidia ta sallame su daga direbobin Game Ready bayan Oktoban 2025, sai gyaran tsaro duk wata uku har zuwa Oktoban 2028. Katin da ya fito tun 2016, ya shafe shekaru yana kan gaba a ƙididdigar Steam, yanzu ba mai aiko masa da albishir a kusurwar allo. In kana cikinsu kuma hannunka na ƙaiƙayi, kada ka damu, shafin kamfanin da ya ƙera babban allon kwamfutarka na nan da sabon BIOS yana jiranka, shi kuwa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗora shi, ko Safe Mode ba za ka gani ba.