Sharaɗi da Jawabinsa a Sule Tankarkar

Malaman mantiƙi sun tabbatar da cewa hukuncin da aka gina bisa sharaɗi, irin na "in kaza ya auku, kaza zai biyo baya", misali guda mai saɓa masa ya isa ya rushe shi. Amma ga alama ƙa'idar nan ba ta sami masauki a Sule Tankarkar ba, inda dattijo kan dubi gabas a farkon damina ya yanke cewa in hadari ya haɗu ta can, lalle ruwa zai sauka kafin lisha, a fito da irin gero. Hadari ya yi baƙi ƙirin, ya sauke kayansa a Gumel, ya bar mu da rairayi cikin tuwo. In ka tuna masa, sai ya gyara rawani ya ce ba a gina hukunci kan nadiri.

Alhali kuwa dattijon nan, tun ranar Alhamis ɗin da wani dillali ya sayar masa da tunkiya mai tari a kasuwar Maigatari, ya ba da fatawa cewa in mutum dillali ne, to maƙaryaci ne. Ko an jera masa dillalai arba'in masu amana, cewa yake ba a dai kama su ba tukuna.