Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Kula, Mai Sanyaya Ƙwaƙwalwar Kwamfutata

Daga wani shago mai rufin kwano,
Samaru, Zariya.

Ranki ya daɗe,

Ina fata kin tashi lafiya. Ko da yake na san kin tashi lafiya, tunda ke kaɗai kika samu barci a shagon nan daren jiya. Ina kuma yi miki barka da zafi, domin naki ne, ke kika tara abinki.

Dalilin wannan takarda shi ne abin da ya faru da ƙarfe uku saura na dare. Kin sani kwana biyu ba mu ga wuta ba. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna aka kawo ta, na tashi daga tabarmar da na shimfiɗa a ƙofar shago, ko takalmi ban nema ba, na kunna kwamfuta na ɗora bidiyon bikin Hayin Dogo: kamu, walima, buɗar kai, awa biyu da minti arba'in. Bidiyon da uwar amarya ta kira ni sau shida a kansa, na shidan ba ta yi sallama ba. Aiki ya tafi, ya kai kashi 91 cikin ɗari, har na fara lissafin kuɗin cefane. Sai na ji kin ɗaga murya kamar jirgin koyon tuƙi ya taso daga Palladan. Lambobin suka fara jan ƙafa. Sai ɗif, allo ya yi baƙi.

Na ɗaga kai na dubi ƙwan lantarki. Yana ci. Wallahi yana ci! Tun da na buɗe shagon nan, jiya ce rana ta farko da kwamfuta ta mutu masu wuta ba su da laifi. Har na buɗe baki zan yi musu addu'ar da na saba, sai na haɗiye abata, saura kaɗan ta shaƙe ni.

Hajiya, lokacin da mai shago a PZ ya ce mini sunanki kula, ashe ya gaya mini gaskiya ne ban gane ba. A gidanmu ma akwai kula. Ita ce ake zuba tuwo da azahar, a buɗe bayan isha'i yana tururi. Da na san irin wannan kular ce ke, da na kai ki gida an haɗa ki cikin kayan ɗakin ƙanwata.

Kuma ba da ka na saye ki ba. Sati uku ina bincike. 'Yar ƙaramar fankar da nake da ita a da ba ta iya ɗaukar sabuwar furosesa, wadda takardarta ta ce wat 105 take ci, iyakar haƙurinta kuma digiri 90. Na so in sayi babbar yayarku ta Ostiriya, Noctua NH-D15, mai tsawon milimita 165 da nauyi fiye da kilo ɗaya, wadda launin fankokinta ya yi daidai da ƙurar garinmu, ko ta yi dauɗa ba mai ganewa. Da na ji kuɗinta sai na yi mata fatan alheri. Aka nuno mini ke: hasumiya biyu, fanka biyu masu faɗin milimita 120, bututun jan ƙarfe shida. Mai shago ya daki kwalinki ya ce, "Alhaji, wannan ai firij ce." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma da na ji an kira ni Alhaji sai na ƙirga kuɗi.

Na ma yi karatun yadda kike aiki. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa, an zuƙe iskar ciki don ya tafasa da wuri. Zafin furosesa ya mai da shi tururi, tururin ya hau sama ya huce a jikin faifayen alminiyam, fanka ta kwashe zafin, ruwan ya sauko ya sake ɗauka. Na ce ai wannan dangin randa ce, mun san su. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa da tukunya biyu da jiƙaƙƙen yashi ya sa kayan miya suka yi kwanaki ba su lalace ba, har Rolex ta ba shi kyauta a shekarar 2000. Shi da yumɓu. Ke da jan ƙarfe da kwali mai hoton dusar ƙanƙara, kin kasa kai bidiyon biki ɗaya gaɓa.

To amma duk wannan ba shi ne abin da ke ci mini rai ba. Milimita bakwai ɗin nan ne.

Tsawonki milimita 157. Akwatin kwamfutata 150 yake ɗauka. Ban san da wannan lissafi ba sai da na hau keke daga PZ, na wuce Kwangila, na iso Samaru, na ɗaura ki, na ɗauko murfin gefe zan rufe, na ji ƙas. Na sake turawa, ƙas. Kawunan bututunki sun tsaya ƙiƙam kamar ƙahonnin ragon layya. Na aro tef ɗin tela na maƙwabcina na auna sau uku, shi kansa telan ya zo ya auna, ya girgiza kai ya ce da riga ce da ya fitar da ɗinki. Milimita bakwai! Ko kaurin biro bai kai ba. Akwati mai cin fanka biyar, mai cin allon uwa da katin hoto da wayoyi kamar taliya, amma ke kika ce sai an ɗaga miki rufi, kamar amaryar da gadonta ya ƙi shiga ɗaki.

Na koma PZ washegari. Mai shago ya nuna mini rubutun da ke bango cewa kayan da aka buɗe ba a mayarwa, ya kuma ce yana da akwati mai kyau da zai ɗauke ki. Wato in sayi doki, sannan in rushe zaure don ya shiga. Na ce a'a. Na ɗauki murfin na nufi wajen masu gyaran bodin mota a Sabon Gari. Dattijon ya juya shi gaba da baya ya ce, "Malam, wace mota ce wannan?" Na yi masa bayani. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, yaransa ne suka yi. Ya ɗora murfin a kan tsohuwar taya ya yi ta dukansa da guduma har ya fitar masa da ƙusumbi. Yanzu duk wanda ya shigo shago sai ya tambaye ni ko kwamfutar juna biyu gare ta. Wani ɗalibin injiniya daga jami'a har hoto ya ɗauka.

Kuma kafin in samu lokacin zuwa wajen mai bodi, sati biyar akwatin yana buɗe. A watan Janairu! Kin san me ake nufi da Janairu a Zariya? Ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na Chadi, ta keto Barno ta keto Kano, ba ta ga wurin sauka ba sai cikin haƙarƙarinki. Ga ta titin Sakkwato da tireloli ke tayarwa a ƙara a kai. Kika karɓe ta hannu bibbiyu. Daren jiya da na haska tocila tsakanin faifayenki, abin da na gani ba ƙura ba ce, bargo ne. Na sa allurar ɗinki na ɗago shi, ya taso gaba ɗaya bai yage ba, toka-toka, mai laushi, da gashin wani a ciki, da fiffiken shinge, da wani abu da nake zaton tsohuwar saƙar gizo-gizo ce. Da na kai shi Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan Samaru, ina jin za su iya shuka dawa a kai.

Duk milimita bakwai ne ya jawo. Ke mutum bai isa ya tambaye ki tsawonki kafin aure ba? An rubuta a gefen kwali da ƙananan baƙaƙe, na sani, kada ki tuna mini.

Sauran ƙananan laifuffukanki ba zan tsaya a kansu ba. Kin yanke mini yatsa da faifayenki. Kin danne ramin ram na farko. Fitilunki masu canza launi sun mai da shagona gidan rawa.

Sai batun ƙannenki, fankokin akwati. Nan kam akwai laifin yarona, amma ke ce babba, da kin tsawatar. Na ce ya ɗaura biyar, ya ɗaura su duka suna fitar da iska waje. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Oga, ai zafi muke kora." Ka ji hikima. Ɗaki duk ƙofofin fita ne, to ta ina iska za ta shigo? Ta tsaga, ta ramin USB, ta duk inda babu rariya, ita da ƙurarta. Alhali abin ba wuya: na gaba su jawo iska ta cikin raga, na baya da na sama su fitar, masu jawowa su ɗan fi masu fitarwa yawa, yadda iska za ta riƙa turo kanta waje ta tsagogi maimakon ta tsotso datti. Akwai 'yar kibiya a gefen fanka da ke nuna inda iska ta nufa. In babu, gefen da ke da sandunan riƙe injin nan ne mafita. In har yanzu mutum na shakka, ya yago 'yar takarda ya kara, ya ga ko za a tsotse ta ko za a ture ta. Wannan darasi na koya masa da asubar yau, da murya mai ɗan ƙarfi, har limamin masallacin bayanmu ya leƙo.

Su kuma turawan YouTube da suka yi miki tallar kyauta, ina da magana da su. Mutum ya zauna a ɗaki mai digiri 22, da rigar sanyi, ya ce ke ba kya wuce 70. To ai 48 kika ɗora a kan zafin ɗakinsa ke nan, domin fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ta samu ita take turawa. Ni shagona a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, 40 yake kaiwa, kuma bango ya riƙe abinsa har tsakar dare. A haɗa 40 da 48. Ɗan aji uku na firamare zai ce 88. Saura biyu ke nan a iyaka, tun kafin a zo maganar bargo. Wanda zai auna kula don mutanen Zazzau ya zo ya zauna a shagona da ƙarfe biyu na rana a tsakiyar bazara, ba esi, janareton maƙwabci na hura masa hayaƙi ta taga, sannan ya buɗe baki.

Akwai wata 'yar magana kuma, wadda zan faɗa a gurguje don kada a ce na ɓoye. Da na kwance ki da asuba zan sake shafa miki man nan mai launin toka, sai na ga wani abu yana ƙyalli a tafin ƙafarki. Leda ce. Siririya, garai-garai, da jan rubutu cewa a cire kafin a ɗaura. Wata huɗu tana nan tsakaninki da furosesa, kamar labule tsakanin suruki da suruka.

Kada ki yi mini wannan kallon. Wa ke cire leda a ƙasar nan? Ledar kujerar mota shekara take yi. Rimot ɗin gidanmu har yau a ledarsa yake, an ƙara masa da salatef. Katifa, ledarta. Kin shigo cikin mutanen da suke ganin cire leda almubazzaranci ne, kika yi shiru. Da hunturu kika lallaɓa, sanyin Allah na rufa miki asiri, kina nuna mini 80 ina cewa haka halinki yake. Sai da bazara ta kama, sai da aka kawo wuta, sai da bidiyo ya kai kashi 91, sannan kika ga ya dace ki tona ni. Wannan ba kuskure ba ne, mugunta ce da shiri.

To yanzu dai na cire ledar. Na goge tsohon mai, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, na ɗaure notinki huɗu ɗaya bayan ɗaya ta kusurwa da kusurwa. Na fitar da ke waje na bi ki da bulowa, na riƙe fiffiken fanka da yatsa don kada ya yi ta juyi a banza. Na juya uku na gaba suna jawowa, ɗaya a baya da ɗaya a sama suna fitarwa. Na yanko ragar sauro na liƙa a gaba, na ɗauke akwatin daga ƙasa na ɗora a kan benci. Ban bar miki hanzari ko ɗaya ba. Abin da ya rage kawai wuta, wadda aka ɗauke ƙarfe biyar da rabi, daidai lokacin da na ɗaure noti na ƙarshe.

Uwar amarya ta ce za ta zo da kanta bayan la'asar, kuma ba ita kaɗai ba.

Saboda haka ga sharaɗina, ranki ya daɗe. Duk sa'ar da aka kawo wuta zan sake ɗora bidiyon nan, in zauna in zuba wa ma'aunin zafi ido. Idan kika wuce 85, ba zan sake rubuto miki ba. 'Yan gwangwan suna wucewa ta ƙofar shagon nan kullum da hantsi da kurarsu, kuma na riga na tambaya: jan ƙarfe daban suke aunawa, alminiyam daban.

Naki wanda bai runtsa ba,
Mai tace bidiyon biki, Samaru.