Ashe Baiwar Allah Namiji Ce

A gaɓar tekun Gower da ke Wales akwai kogon Paviland, wanda ba ya shiguwa sai ruwa ya janye. Ka tsaya ɗaukar hoto, ka kwana can. Nan ne a 1823 William Buckland, limamin coci kuma malamin ilimin duwatsu a Oxford, ya tono ƙasusuwa jajaye wur da jar ƙasa, ga zobba na hauren giwa a gefe. Saboda kayan adon, Malam ya yanke hukunci: mace ce ta zamanin Rumawa, har da zargin zaman kanta. Daga baya bincike ya nuna saurayi ne, ya yi kusan shekara 33,000 a kwance. Har yau dai da sunan mace ake kiran bawan Allah, ga ƙasusuwansa can Oxford, mutanen Wales na ta ƙorafin a mayar musu da abinsu.