Murhun da Ya Zo daga Abijan

Wani ƙanena, da ya komo Tawa daga cirani a Abijan, ya zo da wata na'ura da ake cusa wa kwamfuta domin ƙawata hotunan wasa, mai suna RTX 4090, wadda aka yanka wa farashin dala 1,599 a shekarar 2022, alhali kuwa ita kaɗai tana shan lantarki har wat 450, ta amayar da shi zafi, a ƙasar Adar inda bazara ke haura digiri 40. Fankokinta uku, amma kanta suke yi wa fifita. Shi sai gumi. Da malamin unguwa ya ji kuɗin, bai ambaci israfi ba, illa ya tambaya cikin natsuwa ko tana haihuwa. Tsohuwarmu dai ta yanke hukunci: a ajiye mata ita sai hunturu.