Yadda Za Ka Sa wa Jirgin Ƙasan Yaronka Birki

Ka sayo wa yaro jirgin ƙasa na wasa, irin mai jan wuta daga layin dogonsa. Ka shimfiɗa a falo, ka tokare gefe guda da tsofaffin littattafai don a samu tudu. Hawa lafiya lau, cikin natsuwa, kamar ya taso daga Idu zai nufi Rigasa. Da ya kama gangare kuwa, sai ya koma tifar yashi mai saukowa daga Mpape, ya kwashi taragunsa ya zube ƙarƙashin kujera, uwargida na kallonka ba ta ce uffan ba.

Maganinsa dayod. Ka je wurin masu gyaran kayan lantarki a Wuse, ka ce a ba ka 1N4007 guda huɗu. Kada ka kuskura ka ce na jirgin ƙasa ne. A Abuja nan take za a ɗauke ka ɗan kwangila, farashi ya tashi.

Shi dayod halinsa na maigadi ne. Ta ƙofa ɗaya yake barin wuta ta wuce, kuma sai ya cire na goro, kusan volt 0.7. Jirgin yana cin volt 12. Ka jera masu gadi uku a bayan juna, volt 2.1 sun tafi, jirgi ya sauko a ladabce.

Sai ka yanke ƙarfen dogo guda ɗaya a saman gangaren da ƙasansa, ka ba wannan yanki wuta ta cikin dayod ɗin. Dubi farin zoben da ke jikin kowanne, duk su fuskanci gefe guda. Na huɗun ka haɗa shi a gefensu yana kallon baya. In ka manta da shi, ranar da yaro ya sa ribas jirgi zai ƙame ƙam, ka ɗora wa masu wuta laifin da, a wannan karon dai, ba nasu ba ne.

Wajen liƙa dalma, a guji kafet ɗin uwargida.

Idan ka gama, Malam, ka miƙa wa yaro abin tuƙin. Tun la'asar yake tsaye yana jira, kuma da sunansa ka sayo jirgin.