Diga da Fulawar Uwargida

Duk wanda ya ce maka akwai ƙasa a Jos, bai taɓa ɗaga diga a garin ba. Dutse ne aka barbaɗa wa ƙasa a sama don kada baƙi su tsorata. Garin na kan tsauni da ya haura mita 1,200, ga sanyi ga ruwan sama, shi ya sa furen ros da ke shan wuya a zafin Kano yake yin ɓul-ɓul a nan. Abin da ya ja mini ke nan.

Uwargida ce ta ce fangalin fulawarta ya yi kaɗan, a yanke ciyawar da aka shimfiɗa a tsakar gida a ƙara masa taku uku. Ta ce a kira lebura. Na ce ina da rai da lafiya wani ƙato zai karɓi kuɗina a kan taku uku? Kakana da garma ya ciyar da gida guda. Ta ce, "To maigida, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar nan ta mai jiran kallo.

A watan Fabrairu na fara, hunturu ya busar da ƙasa ƙayau. Ciyawar ma kanta ba ta saki da arziki ba, saiwoyinta sun sarƙe, sai da na yi ta yanka da adda ina naɗewa. Ƙarƙashinta tsakuwa ce, ƙarƙashin tsakuwa marmara. Fartanya ta lanƙwashe. Na aro diga.

Na ɗaga, na yi bismilla, na sauke. Ƙau! Wuta ta yi tartsatsi, girgizar ta bi ta hannuna har haƙoran gaba. Yara suka yi tafi. Na duba, sai ga ɗan baƙin dutse bai fi tafin hannu ba. Na ce yanzu zan tumɓuke shi. Na tona dama, yana nan. Na tona hagu, ya ƙara faɗi. Kafin la'asar ya kai girman tabarma, kuma ban ga inda ya nufa ba.

Tsohon da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta katanga. Mahaifinsa ya yi aikin haƙar kuza a zamanin Turawa, saboda haka ya ɗauki kansa masanin duk wani rami a Filato. Ya ce, "Ɗana, kuza kake nema? Ai Bature ya kwashe tuntuni." Daga nan ya ba da shawarar masu fasa dutse: a cinna wuta a kansa, ya yi zafi, a kwara ruwan sanyi, ya tsage da kansa.

Na tara itace da tsohuwar taya. Hayaƙi ya turnuƙe unguwa, shanyar maƙwabta ta koma baƙa, sauran ciyawar ta babbake, fulawar da ake son ƙara wa wuri ta yi laushi ta kwanta. Na kwara ruwa. Dutsen ya saki ɗan ɓawo, iyakar abin da yaro zai jefi ƙadangare da shi.

Uwargida ba ta ce uffan ba, sai ta aika aka kira mai fasa dutse na gaske. Ya zo da gudumarsa, ya ƙwanƙwasa nan, ya kasa kunne can, ya bi dutsen da ido har gindin bango. Ya ce, "Alhaji, zan iya cirewa. Amma ka fara fitar da kayan falo, don a kansa ɗakin yake zaune."

Na biya shi kuɗin dubawa, wanda ya ninka na leburan farko. Yana ƙirgawa ya tambaya ko ina da wanda zai cike ramin, ƙaninsa na wannan aikin.