Masu Ciwon Mota a Haɗejiya

Haɗejiya ba ta da filin tseren mota, amma masu ciwon mota kam sai dai ka zaɓa.

Akwai Alhaji mai Fijo 504. Ya saye ta sabuwa dal daga cikin waɗanda kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗawa a 1975, yau ga ta a ƙofar gida kan bulo huɗu, kaza na kwanci a kujerar baya. Ka tambaya, ya ce, "Lafiyarta ƙalau, kafireto kawai ake jira daga Ƙofar Ruwa." An aurar da 'ya'ya uku, kafireto bai baro Kano ba. Duk da haka kowace Juma'a sai an wanke ta, dillali kuwa kafin ya gama tayi an ce masa albarka.

Sai Oga bakanike, wanda a garejinsa mota ba ta mutuwa, sai dai mai ita ya talauce. Injin Nissan, lagireton Toyota, fitilar Golf, sunan Fijo na nan a goshi. Tanki na yoyo, ya liƙe da sabulu. Ta ƙi tashi, ya tsotsi fetur da baki ya fesa mata, ya daka wa yaronsa tsawa, "Ba ta wuta!" In ta tashi, aikinsa ne. In ta ƙi, man da ka sha ne gurɓatacce.

A bencin garejin ne Malam Masani ke wuni. Bai taɓa riƙe sitiyari ba, ko keke aro yake yi, amma ya san 504 ta cinye gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma "mun ci" yake cewa.

Ɗan wasan mota na ranar kai amarya ba ya buƙatar dogon bayani: motar yayansa, birkin hannu, ƙura, ihun yara, katangar maƙwabci. Washegari dattawa na sulhu.

Gwanin gaske, a ganina, direban fadama ne, mai tsohuwar a-kori-kura da ke bin hanyoyin ƙauyukan Guri da Kirikasamma in kogi ya cika. Buhunan shinkafa a ƙasa, kwalayen bandar kifi a sama, fasinja a saman kifi. Ya iso inda ruwa ya cinye hanya, ya ɗaure wayoyin wuta da leda, ya tura karen mota ya shiga ya auna zurfi da cinyarsa. Sai giya ɗaya, bisimilla, ba ɗaga ƙafa. Ka ce masa a Turai kofi ake ba masu irin wannan tuƙi, zai dube ka sheƙeƙe ya ce, "Malam, sauko ka kama mana turi, kasuwa na watsewa."